Keken Kasuwa a Fagen Tsere: Ra'ayi Kan Kayan Wasan Tsere-Uku a Ƙasar Makarfi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyoyin da suka ratsa Dandamisa da sauran ƙauyukan Makarfi da Kudan da Ikara da sanyin safiya a lokacin kaka, zai yi ta cin karo da samari bisa kekuna. Wannan ya ɗaure damin rake a kariya, wancan buhun masara, wani kuma kwandon tumatir. Suna hawa tudu suna gangarawa, su ratsa yashi, su kauce wa rami, su sauke kaya a kasuwa, sannan su juyo gida su kama aikin gona. Babu mai kiran su 'yan wasa, su ma ba su ɗauki kansu a haka ba. Amma aikin da cinyoyinsu da huhunsu suke yi kowace rana shi ne abin da a wasu ƙasashe ake biyan kociya kuɗi domin ya gina a jikin mutum.

Akwai wani wasa da ya haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere, ba tare da hutu a tsakani ba. Turawa suna kiran sa tirayatalon, a nan kuwa za a kira shi tsere-uku. Wanda ya fara jin labarinsa ta intanet zai fi ganin tallan kaya fiye da bayanin wasan: keke mai tsadar da ta kai ta mota, rigar ruwa, agogon auna bugun zuciya, takalmi mai farantin kabon a tafinsa. Daga nan sai ya yanke hukuncin cewa wasan masu hannu da shuni ne. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, wannan hukunci kuskure ne da kasuwa ta haifar, kuma idan har tsere-uku zai shigo ƙasar Hausa ya zauna, to, ta ƙofar kayan da jama'a suka riga suka mallaka ya kamata ya shigo. Haka nan, masana Hausa suna da rawar da za su taka a wannan al'amari tun kafin 'yan talla su riga su.

2.0 Asalin Wasan da Yadda Kaya Suka Mamaye Shi

Tsere-uku na zamani ba tsohon wasa ba ne. An gudanar da gasar da ake ɗauka a matsayin ta farko ranar 25 ga Satumba, 1974, a Mission Bay da ke birnin San Diyego na Amurka, inda mutum 46 suka shiga. Ƙungiyar 'yan gudu ta garin ce ta shirya ta, domin sauya salon motsa jiki. A watan Fabrairu na 1978 aka yi gasar Ironman ta farko a Hawai: iyo na kusan kilomita 4, keke kilomita 180, sai gudun famfalaƙi na kilomita 42. Mutum 15 suka fara, 12 suka kammala, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin sa'a 11 da minti 46. A lokacin babu wani kamfani da ke ƙera keke ko riga musamman domin wannan wasa, saboda wasan ne ya riga kasuwarsa zuwa duniya.

An kafa hukumar wasan ta duniya a garin Abinyo na Faransa a 1989, kuma ya shiga gasar Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000, da ma'aunin da ake bi har yau: iyo mita 1,500, keke kilomita 40, gudu kilomita 10. Akwai kuma gajeren ma'auni na masu farawa, wato rabin wancan: mita 750, kilomita 20, da kilomita 5. Abin lura a nan shi ne, ƙa'idojin wasan ba su wajabta wa mai shiga sayen komai mai tsada ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne keke mai lafiyayyen birki, da hular kwano da aka ɗaure a haɓa tun kafin a taɓa keken, da rufe ƙirji a lokacin hawa da gudu. Ita kuwa rigar ruwa ta roba, wadda ke cikin kayan da suka fi cin kuɗi, domin sanyi aka yi ta, har ma ƙa'ida ta hana sanya ta idan ɗumin ruwa ya wuce wani mataki. Ke nan mai iyo a ƙasa mai zafi irin ta Zazzau ya huta da ita a mafi yawan watannin shekara.

3.0 Abin da Wasannin Bahaushe Suka Riga Suka Koyar

Wasa da ƙarancin kaya ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Ɗan dambe yana shiga fage da ƙyalle da zaren da ya naɗe hannu guda, wanda ake kira mashi, ɗayan hannun kuma ya zama garkuwa. Sunan Shago ya cika ƙasar Hausa ta bakin Ɗan Anace ba tare da an taɓa tambayar nawa ya sayi zarensa ba. Ɗan kokawa gajeren wando ya ishe shi, kuma gasar takobi ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana tsayar da harkokin ƙasa baki ɗaya a kan wannan ɗan abin. Langa ba ta buƙatar komai sai ƙafa da fili. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samu tsarinsa na yanzu tun 1934, kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, masunta suna faɗa wa kogin Matan Fada da homa da gora, sannan a wasannin kabanci ana gasar iyo da nutso da tseren kwalekwale.

A duk waɗannan wasanni, jiki da gwaninta ne abin kallo. Kirarin ɗan wasa ƙarfinsa yake yabo, da juriyarsa, da waɗanda ya kayar. Wannan ma'auni ya fi dacewa da ruhin tsere-uku fiye da ma'aunin da tallan intanet yake sayarwa. Ƙwallon ƙafa ma da wannan hanya ta ci ƙasar Hausa: yara sun fara ta da tamolar tsumma, da duwatsu biyu a matsayin raga, ba takalmi ba riga. Da an gindaya musu sharaɗin sayen kaya kafin su buga, da har yau wasan 'ya'yan manya ce.

4.0 Kayan da Suka Wadatar

Idan saurayi daga Dandamisa ya yi niyyar shiga gajeren tsere-uku, me yake buƙata a zahiri?

Na farko, keke. Wanda yake kai rake kasuwa da shi ya isa. Aikin da za a yi masa na mai gyaran keke ne na bakin kasuwa: a cire kariya da jak da duk ƙarfen da ba shi da amfani a tsere, a sa sababbin robobin birki, a wanke sarƙa a sa mata mai, a duba boris a cika giris, a ɗaure wayoyin ƙafa domin kada taya ta riƙa rawa, a daidaita tsawon sirdi yadda gwiwa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka ƙasa, a kuma ba taya iska daidai. Binciken masana ya daɗe da tabbatar da cewa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, iska ce babbar abokiyar gabar mai keke, kuma kaso mafi yawa na turjiyar iskar a jikin mahayi take, ba a jikin keken ba. Saboda haka, sunkuyawa da matse gwiwar hannu da sanya rigar da ba ta kaɗawa suna sayo wa mutum lokaci ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

Na biyu, hular kwano. A nan ne kawai bai kamata a nemi araha ba. Hular da ta taɓa buguwa da ƙasa da ƙarfi ta gama aikinta, ko da idon mutum bai ga tsagewa ba, domin kumfan da ke cikinta sau ɗaya yake shanye duka. Don haka hular gwanjo da ba a san tarihinta ba abar tuhuma ce. Idan kuɗi ba su kai ba, ƙungiya ko makaranta ta sayi 'yan ƙalilan masu kyau a riƙa karɓa-karɓa.

Na uku, takalmi. Kambas ɗin da ya zauna a ƙafa, wanda aka saba da shi a atisaye, shi ne na keke kuma shi ne na gudu. Wannan ma yana da riba, domin mai takalmi ɗaya ba ya ɓata lokacin sauyawa tsakanin keke da gudu. Sabon takalmi ranar gasa kuwa kanta da bororo yake jawowa, kuma dama ba a fafe gora ranar tafiya.

Na huɗu, tufafi. Wando da riga na ƙwallo, masu saurin bushewa, suna iya ɗaukar mutum daga ruwa har ƙarshen gudu. Sai tabarau na iyo, wanda ba shi da tsada, da gorar ruwa ta roba.

Na biyar, guzuri. Abin da ake sayarwa cikin 'yan ƙananan ledoji da sunan abincin 'yan tsere, asalinsa sukari ne da ɗan gishiri. Ƙasar da take noma rake ta kuma dafa mazarƙwaila ba ta da dalilin sayo sukari daga ƙetare. Dabino da mazarƙwaila da ruwan da aka sa wa ɗan gishiri da sukari sun isa tseren da bai wuce sa'a biyu ba.

Abin da ya rage bayan waɗannan, kamar agogo mai auna tafiya da ƙafafun keke na kabon, ƙari ne ga wanda ya riga ya ƙware, yake neman rage daƙiƙu.

5.0 Hujjar Masu Cewa Araha Ba Ta Ado

Masu sukar wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Za su ce kaya suna cin gasa. A tseren keke na zagayen Faransa na 1989, Greg LeMond ya shiga ranar ƙarshe yana bayan Laurent Fignon da daƙiƙa 50. Ya ɗora wa kan kekensa wani ƙarfen jingina hannu da ya aro daga 'yan tsere-uku, ya kuma lashe gasar da ratar daƙiƙa 8. A gasar iyo ta duniya da aka yi a Rum a 2009, an kafa sabon tarihi har sau 43, akasari da taimakon wasu rigunan roba, abin da ya sa hukumar iyo ta haramta su daga farkon 2010. Hukumar guje-guje ta duniya ma a watan Janairun 2020 ta ƙayyade kaurin tafin takalmin gudun kan titi zuwa milimita 40. Da kaya ba su da tasiri, da hukumomi ba su wahalar da kansu ba.

Za su kuma kawo misali na gida. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye, wadda ta wakilci Nijeriya a tseren keke, ta samu gurbin shiga gasar cikin zaure amma ba ta da irin keken da ake buƙata, sai da tawagar Jamus ta ara mata. Zanen aro ba ya rufe katara, kuma babu wanda zai kira wannan hali wadatar zuci. Rashi ne, kuma abin kunya ne ga ƙasa.

Duk wannan gaskiya ne, sai dai a mataki na ƙoli yake aiki. Daƙiƙa 8 tana raba zakaru biyu waɗanda ƙarfinsu ya zo ɗaya bayan shekaru na horo. Tsakanin mafari da mafari kuwa, ratar minti goma ko ashirin ce, kuma atisaye ne yake cike ta. Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun famfalaƙi na Olamfik a Rum a 1960 ba takalmi, cikin sa'a 2 da minti 15. Bayan shekara huɗu ya sake ci a Tokiyo, wannan karon da takalmi, cikin sa'a 2 da minti 12. Abin da bai sauya ba a gasannin biyu shi ne mutumin da horonsa. Shi ma labarin Ukpeseraye yana nuna inda nauyi ya rataya: sayen kayan ƙwararru ga wanda ya kai matakin wakiltar ƙasa aikin hukuma ne. Kuskuren da ake gudu shi ne a ɗauko wannan nauyi a ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha shida da mahaifinsa manomi, a matsayin kuɗin shiga. Ƙasar da ta yi haka ba za ta taɓa sanin gwanayen da take da su ba. Iritiriya, wadda ba ta fi Nijeriya arziki ba, ta fitar da Biniam Girmay, wanda ya ci zango uku da koriyar riga a zagayen Faransa na 2024, saboda hawan keke da tserensa sun zama ruwan dare a titunan Asmara shekaru da dama kafin a haife shi.

6.0 Inda Matsalar Take: Ruwa

Babban shingen da ke tsakanin yaran karkarar Zazzau da tsere-uku shi ne ruwa. Yawancinsu a rafi da kududdufi da madatsun noman rani suke koyon iyo, ba malami ba mai ceto. Irin wannan ruwa yana da haɗari biyu. Na farko nutsewa, musamman da damina idan rafuka suka cika suka ɓoye ramukan da masu haƙar yashi da masu bulo suka bari. Na biyu tsargiya, wadda ƙwayarta take rayuwa a jikin katantanwar ruwa mai kwanciya, ta huda fatar mai wanka, daga baya ta bayyana da fitsarin jini. Babu rigar da za a saya ta kare mutum daga waɗannan. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma duk gasar da za ta tura yara cikin ruwa kafin a koya musu fid da kai, ganganci ce.

Mafita ita ce a fara da abin da ake da shi. Hukumar wasan ta duniya ta amince da wani reshe da ba shi da iyo: a yi gudu, a hau keke, a sake gudu. Wannan tsere-biyu ana iya shirya shi a kowane gari mai hanya, da sassafe kafin rana ta ɗaga, a watannin kaka kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi, nesa da zafin bazara. Kuɗin da aka tsimi daga sayen kaya sai a juya su zuwa ga koyar da iyo a ruwan da aka tantace, da masu ceto a cikin kwalekwale, da igiyar da ta shata iyaka. Ɗaliban makarantar kimiyyar lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi suna kusa, kuma aikin agajin gaggawa a irin wannan taro horo ne a gare su.

7.0 Shawarwari

Shawara ta farko ga masu shirya gasa ce, ko makarantu ne ko ƙananan hukumomi: a ware rukuni na keken kasuwa, mai giya ɗaya, wanda ba a yarda a shigo da wani keke cikinsa ba, kuma kyautarsa ta yi daidai da ta kowane rukuni. Wannan ba baƙon tsari ba ne a duniya. A Jami'ar Indiyana ta Amurka ana gudanar da tseren ɗalibai mai suna Little 500 tun 1951, kuma duk mahaya keke iri ɗaya mai giya ɗaya suke hawa. A Japan, tseren keirin da aka fara a 1948, wanda ƙwararru suke cin abinci da shi, ya daɗe yana tilasta wa maza hawa keken ƙarfe da hukuma ta tantance. Idan kaya suka zama ɗaya, ƙafa ce take magana.

Shawara ta biyu ta shafi mata. Tufafin da ake gani a hotunan wasan sun isa su sa iyaye su rufe ƙofa. Amma Shirin Gerami ta Iran ta shiga gasar duniya a Landan a 2013 da suturar da ta rufe jikinta, ta kuma kammala Ironman na Hawai a 2016 a haka. Telan gari zai iya ɗinka irin wannan sutura da yadi mara nauyi, kuma makarantun 'yan mata suna da filayen da za a fara ba tare da cuɗanya ba.

Shawara ta uku ga masana Hausa ce. Wasan da ya shigo da kalmomin aro zalla yakan zauna a matsayin baƙo, kuma kalmomin da suka fi saurin shigowa su ne sunayen kayan sayarwa. Gidajen rediyo sun yi wa ƙwallon ƙafa gata da suka samar da mai tsaron gida da bugun kusurwa da bugun daga kai sai mai tsaron gida, har ta zama kamar a nan aka haife ta. Tsere-uku ma yana da inda zai samu kalmomi. Harshen fatake ya tanadi zango, don haka sai a ce zangon iyo, zangon keke, zangon gudu. Wurin da ɗan wasa yake ajiye keke ya sauya kaya ana iya kiran sa masauya, bisa ƙirar mashiga da mafita da mahaɗa. Abin da yake ci a hanya guzuri ne. Aikin da Ɗalhatu Muhammad ya jagoranta na keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi, wanda aka buga a 1990, ya nuna yadda ake irin wannan aiki cikin tsari. Sassan Hausa na Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina suna da ɗaliban da za su iya zama da masu gyaran keke da masunta su tattara kalmomin da suke amfani da su, kafin babur da waya su shafe su.

8.0 Kammalawa

Tun bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kekuna da dama da aka jingine a zaure sun koma kan hanya, kuma masu faci da masu gyara sun sake samun kasuwa. Ke nan kayan zango biyu daga cikin uku suna nan a gidajen Dandamisa da Gubuchi da Hunkuyi, tare da samarin da suka saba da su tun suna ƙanana. Abin da ya rage shi ne hular kwano mai kyau, da ruwa mai aminci, da malamin iyo, da ranar da za a tsayar a ja layi a ƙasa. Ƙaramar hukumar da ta iya ɗaukar nauyin gasar ƙwallon ƙafa ta kofin shugabanta, za ta iya ɗaukar wannan da kuɗin da bai kai haka ba. Idan aka yi, za a san ko cikin masu kai rake kasuwa akwai wanda ya cancanci ƙasa ta saya masa keken kabon.